Samfurin Gwaji na Tarayya: Wa Ke Riƙe da Kwanon Awo?

Ɗalibin da ke Rijiyar Lemo, mai rubutu a kwamfuta mai tsarin Linux, da wuya ya san cewa madannan da ke fito masa da ƙ da ɗ da ɓ suna cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna xkeyboard-config. Tana ƙarƙashin inuwar freedesktop.org, tare da Mesa da Wayland da libinput. Duk gyaran da wani ya kawo wa waɗannan manhajoji, na'ura ce ke fara harhaɗa shi ta gwada kafin a karɓa. Wannan gwaji na ba ƙaƙƙautawa shi ake taƙaitawa da CI, kuma umarnin da na'urar ke bi a rubuce yake.

Tambayar ita ce inda za a ajiye umarnin. In kowane reshe na aikin ya kwafi nasa, bayan shekara guda sai a tarar da kwafi barkatai, kuskure guda kuma sai an bi shi gida-gida. Shi ya sa freedesktop.org ta tanadi rumbu guda, ci-templates, inda rassa ke ɗebo samfurin gwaji. Hikimarsa ita ce gina mahallin gwajin sau ɗaya, a yi ta amfani da shi har sai an sauya laƙabinsa. Tsimin ba na ado ba ne. A watan Fabrairun 2020 Gidauniyar X.Org ta sanar cewa kuɗin ɗaukar nauyin GitLab ɗinta zai kai dala 75,000 a shekarar, alhali ba don gwaje-gwajen ba da bai wuce 30,000 ba.

Sai dai samfurin tarayya tamkar kwanon awo ne a kasuwar Sabon Gari: in aka bubbuga gindinsa, kowane mai saye ya cutu, ba kuma lallai ya gane ba. A watan Maris na 2025 ɓata-gari suka kutsa wani kayan gwaji na GitHub mai suna tj-actions/changed-files, wanda rumbuna fiye da 23,000 ke amfani da shi. Suka karkatar da laƙaban sigoginsa zuwa gurɓataccen rubutu mai tona mabuɗan sirri. Waɗanda suka ɗaure aikinsu ga lambar shaidar wani takamaiman kwafi sun tsira, domin laƙabi yana sauyuwa, lambar kuwa ba ta sauyuwa.

Don haka tara samfura wuri guda rabin aiki ne. Wajibi ne kowane reshe ya ayyana kwafin da ya dogara da shi, ya matsa gaba da saninsa. Masu sukar wannan hanya suna cewa ɗaurarren kwafi yakan tsufa a manta da shi, kuma suna da hujja. Maganinta shi ne a sami sanannun mutane masu alhakin samfurin, kamar yadda Debian ta keɓe ayari na musamman don tsarin gwajinta na Salsa. Rumbun da aka ce na kowa ne, a aikace ba mai share shi.

Lamarin ya shafi Kano kai tsaye. Ɗalibai da masu bincike a Jami'ar Bayero da sauran cibiyoyi suna gina ƙamusoshi da kayan sarrafa rubutun Hausa, kuma matsala guda ke bibiyar irin wannan aiki: manhajar da ke sauke ƙugiya, ta mayar da ƙasa kasa, ko ta ɗauki ƴ ta Nijar da 'y ta Nijeriya a matsayin baƙaƙe biyu mabambanta. Gwajin da zai kama wannan gajere ne, ba ya buƙatar kowa ya sake ƙirƙiro shi. Ya dace sashen Hausa da na kimiyyar kwamfuta su zauna su rubuta shi tare, su ba kowace siga lamba, su kuma bayyana wanda za a tuntuɓa ranar da ya ƙi aiki.