Kwalli ya fi shuɗin kanti

Jama'a, ado ba ya ƙara wa ido kyau sai ya dace da launinsa. Idon yawancinmu ƙasa-ƙasa ne mai duhu. Baƙin kwalli ke fito da farinsa, jan ƙasa da ruwan zinariya kuma su haskaka ƙwayarsa. Samarin Bororo sun san haka: a wasan Gerewol, wajen Ingal, baƙi suke zizarawa domin fari ya fito. Shuɗiyar hodar kanti kuwa, in ta yi yawa, ita ake gani, ido ya ɓace.

Amma ƴan'uwa mata, a yi hattara. Dutsen kwalli sau da yawa dalma gare shi, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. A daina sa wa jarirai. Uwa ma ta nemi kwalli marar dalma.