Ra'ayi: Kaka ta yi, mu mayar da lambu tsakar gida a Madawa, Buza da Keita

A kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke aka kai hatsi rumbu, ƙasar Adar kan rabu gida biyu. Masu fili a fadamun Tarka da Majiya su duƙufa ga renon irin albasa da shirin dashe, matasa kuma su ɗaure kaya su tafi cin-rani Abijan, Legas ko Libiya. Waɗanda ake bari a gida, wato mata da yara da tsofaffi, ba a cika sa su a lissafin noman rani ba, domin yawancinsu ba su da fili a fadama, ba su da rijiya, balle injin ban-ruwa. Ra'ayina shi ne, ba sai da fadama ake lambu ba. Fasasshiyar randa, tsohon bokiti da jarkar man girki da aka yanke sun isa a samu fure da ganyen miya a tsakar gida, kuma kaka ce lokacin farawa.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu dare kan yi sanyi, rana ba ta da zafin da za ta ƙona saiwa, ruwan da aka zuba kuma yakan daɗe a cikin ƙasa. Wanda ya bari sai Maris ya makara, saboda a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙasar da ke cikin ƙaramin gwangwani kuwa kafin azahar ta bushe ƙayau. Da sanyin safiya ake kamun fara.

Renon shuka a cikin mazubi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A 1975 aka fara dasa layukan bedi, wato dogon yaro, a kwarin Majiya da ke gundumar Buza tare da ƙungiyar CARE, domin su kare gonaki daga iska. A 1984 kuma aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya da haɗin gwiwar hukumar FAO, inda aka dasa miliyoyin itatuwa a kan duwatsu da faƙon da ya daina fitar da ko ciyawa. Mata ne suka fi yawa a cikin masu wannan aiki, saboda maza sun tafi cin-rani. Galibin itatuwan nan a 'yar leda suka fara rayuwa: a cika ta da ƙasa da taki, a sa iri, a yi ta ban-ruwa har su isa dashe. Ke nan hannun da ya raya bedi a leda ya san yadda ake raya fure a tukunya. Ilimin yana nan, kawai an yi masa iyaka ne da bayan gari, ba a shigo da shi gida ba.

Na san abin da wasu za su ce: mutanen da ke fama da tsadar hatsi ina ruwansu da fure? Wannan ai kwalliyar gidajen manyan ma'aikata ce a Yamai. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, amma ta manta cewa muna da furanni namu tun kaka da kakanni. Furen lalle yana ƙamsasa gida gaba ɗaya, ganyensa kuma kuɗi ne ga mace. Yakuwa tana fure daidai kaka, daga gare ta ake samun zoɓo da ganyen miya. Kariya, wadda ke fitar da jan fure a tsakiyar rani bayan ta zubar da ganye, tana jure ƙishirwa fiye da yawancin tsirrai, sai dai ruwanta guba ne, don haka a nisanta ta daga yara da dabbobi. Ɗaɗɗoya da na'ana'a kuwa ba su buƙatar gabatarwa ga mai girki ko mai dafa shayi.

Hatta furannin da aka shigo da su suna da aikin da ya wuce ado. Akwai fure mai ruwan ɗorawa da Faransawa ke kira œillet d'Inde, wanda ke buɗewa kimanin wata biyu bayan shuka. Saiwarsa tana rage ƙananan tsutsotsin ƙasa da ke kumbura saiwar tumatir, shi ya sa masu lambu a ƙasashe da dama ke haɗa su wuri ɗaya. In ya bushe a murje kansa a ajiye iri, ba sai an sake saye baɗi ba. Fure kuma shi ke jawo ƙudan zuma, kuma duk mai fitar da irin albasa a Madawa ya san cewa in ƙwari ba su sauka a kan furen albasa ba, irin ba ya yin auki. Saboda haka ba zaɓi ake tsakanin fure da abinci ba. A jera su tare: nan lawashi, can salat, ga barkono, ga fure a tsakaninsu.

Babbar hujjar masu suka ita ce ruwa, kuma ba hujjar wasa ba ce. A garuruwan da ke kan duwatsun Buza da Keita rijiya tana da zurfi, mace kan yi tafiya mai nisa kafin ta cika jarka ɗaya. Ba wanda zai ce ta ɗebo ruwan sha ta zuba wa fure. Amma a duba ruwan da kowane gida ke zubarwa a rana: na alwala sau biyar, na wanke gero da shinkafa, na ɗauraye kayan miya. In aka ajiye tukwanen kusa da inda ake alwala, ko aka tara ruwan a kwano, ya isa raya tukwane da dama a lokacin sanyi. Da yayyafi kogi kan cika. Ruwan omo da na sabulu ne kaɗai za a kiyaye, domin gishirinsa yakan taru a ƙasa ya kashe shuka.

Yadda ake yi ba wuya. A huda gindin mazubin don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a shimfiɗa tsingaro ko tsakuwa, sannan a cika da ƙasa gauraye da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. A ajiye inda hantsi ke samu amma akwai inuwa da rana tsaka, a jikin katangar da ke tare iskar hunturu. A yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, kada a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashi ya zama gidan sauro. A ɗora su kan dakali ko a kewaye da ƙaya saboda awaki da kaji. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man fetur kuwa, kada a shuka abin ci a cikinta ko an wanke ta.

Cikin duk mazubai, tukunyar yumɓu ta fi. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka take sanyaya saiwa, alhali baƙar roba zafi take tarawa. Nan akwai kasuwa ga mata magina tukwane, waɗanda roba ta daɗe tana ƙwace wa ciniki. Tukunya mai faɗin baki da huda a gindi ba ta fi ƙarfinsu ba, in har sun ga masu saye.

Kira na farko ga magadan gari da ma'aikatan gandun daji ne. Kowace ranar 3 ga Agusta ana bikin dashen itatuwa a faɗin Nijar, kuma wuraren renon da ke samar da su kan rage aiki bayan damina. Me zai hana a yi amfani da su a kaka wajen renon fure da kayan miya, a sayar wa mata a farashi mai sauƙi ranar kasuwa? Kira na biyu ga shugabannin makarantu: ana komawa karatu a Oktoba, daidai lokacin shuka. Kowane aji ya samu tukwanensa, yara su riƙa karɓa-karɓa wajen ban-ruwa. Yaron da ya raya shuka ɗaya da hannunsa ba zai tsaya kallo akuya tana cinye itacen da aka dasa a ƙofar makaranta ba.

Kira na ƙarshe ga uwayen gida ne. Ba sai an jira wata ƙungiya ta zo da mota da takardu ba. A fara da tukunya biyu ko uku a wannan kakar, a ba maƙwabciya iri in an samu. Matan da suka mayar da duwatsun Keita kore ba za su gaza a tsakar gidansu ba.