Babban Bankin Jamaika: Yadda wuya ta koya wa ƙasa raba banki da aljihun gwamnati

A shekarar 2019, wasu waƙoƙin rege suka karaɗe shafukan sada zumunta, kuma abin da suke koyarwa shi ne illar hauhawar farashi. Babban Bankin Jamaika ne ya ɗauki nauyinsu, domin ya fahimtar da mai sayar da kifi da direban tasi dalilin da ya sa yake son tashin farashin kaya ya tsaya tsakanin kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari a shekara.

Mutane da dama sun ɗauki abin wasa. Amma wanda ya san tarihin wannan tsibiri na yankin Karebiyan, mai mutum kusan miliyan 2.8, ya san cewa waƙar ta biyo bayan shekarun kuka ne.

An kafa bankin da dokar 1960, ya fara aiki a birnin Kingston a watan Mayun 1961, kafin ƙasar ta samu 'yanci daga Birtaniya a 1962. Ministan kuɗi Noel Nethersole, wanda ya share fagen kafa shi, ya rasu a 1959 bai ga buɗe shi ba. A 1969 bankin ya fito da dalar Jamaika ta maye gurbin fam, inda ake canja fam ɗaya da dala biyu.

Daga nan aka shiga rami. Gwamnatoci suka riƙa kashe abin da ba su tara ba, babban banki yana cike giɓin. A 1991, shekarar da aka saki kasuwar canji, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 80 cikin ɗari. A tsakiyar shekarun 1990 bankuna da kamfanonin inshora suka durƙushe, har gwamnati ta kafa hukumar FINSAC a 1997 don ceto su. Ceton ya laƙume kimanin kashi 40 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma talaka ne ya biya ta hanyar haraji. Zuwa 2013, bashin ƙasar ya haura kashi 140 cikin ɗari na ƙarfin tattalin arzikinta.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 2013 Jamaika ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta ɗaure ciki sosai, kuma manyan jam'iyyunta biyu suka ci gaba da shirin duk da sauyin mulki a 2016. Sannan majalisa ta gyara dokar bankin a 2020, gyaran ya fara aiki a Afrilun 2021. Dokar ta ba bankin cin gashin kai, ta sa daidaita farashi ya zama babban aikinsa, ta miƙa hukuncin kuɗin ruwa ga kwamiti na musamman, ta kuma takaita bai wa gwamnati rance.

Jarrabawa ba ta daɗe ba ta zo. Bayan annobar korona, hauhawar farashi ta kai kashi 11.8 a Afrilun 2022. Bankin, ƙarƙashin gwamna Richard Byles, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.5 zuwa kashi 7 cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Masu cin bashi sun yi ƙorafi, amma farashi ya lafa, ya dawo cikin iyakar da aka ɗiba.

Masu suka suna da hujjarsu. Tsuke bakin aljihu ya sa ma'aikatan gwamnati sun yi shekaru albashinsu bai motsa ba, bunƙasar tattalin arziki ta yi tafiyar hawainiya, malamai da ma'aikatan jinya na ci gaba da ficewa zuwa Amurka da Birtaniya da Kanada. Kuɗin intanet na JAM-DEX da bankin ya ƙaddamar a 2022 shi ma bai samu karɓuwa yadda aka yi fata ba, kamar yadda ta faru da eNaira a Najeriya. Babban banki ba ya gina masana'anta, ba ya noma.

Sai dai abin da yake iya yi ba ƙarami ba ne: ya hana kuɗin da ke hannun talaka narkewa. Hauhawar farashi haraji ce da babu majalisar da ta amince da ita, kuma mai ƙaramin ƙarfi ta fi danna.

A nan ne labarin ya shafi Najeriya. Doka ta ƙayyade rancen da Babban Bankin Najeriya zai bai wa gwamnatin tarayya, amma duk da haka bashin ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, har majalisa ta amince a mayar da shi na dogon zango a 2023. Ke nan doka kaɗai ba ta isa ba. Abin da ya taimaki Jamaika shi ne 'yan siyasa da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago sun zauna tare suna sa ido, aka kuma yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji.

Ranar da mai shago ya san adadin da babban banki ya yi alkawari, ya kuma iya tuhumar sa idan ya saɓa, ranar ce bankin ya zama na jama'a.