Wa Ya Hana 'Ya'yan Arewa Karanta Abin da Ke Gabansu?

Duk shekara idan sakamakon bak, jarrabawar gama lise, ya fito, waƙa ɗaya ake rerawa daga Tibiri har Dogon Dutsi: yaran yanzu ba su son karatu, waya ta lalata su, Faransanci ya fi ƙarfinsu. Iyaye su ɗora wa malamai, malamai su ɗora wa gwamnati, gwamnati ta karanto alƙaluma a rediyo ta yi alkawari, ruwa ya sauka, kowa ya ɗauki hauyarsa ya nufi gona, magana ta mutu sai baɗi. Ni kam wannan waƙa ta ishe ni. A 2021 da 2022 da 2023, waɗanda suka ci bak a faɗin Nijar ba su kai 30 cikin 100 ba. Idan yara bakwai cikin goma suka faɗi bayan shekara 13 suna goge benci, to, manya ne ya kamata su fara sunkuyar da kai.

Ba zan ɗauko jarrabawar gaba ɗaya ba. Tambaya guda ta ishe ni misali, domin ita kaɗai ta isa ta tona mana asiri. A takardar Faransanci ana ba ɗalibi awa huɗu da zaɓi uku: ko ya taƙaita wani rubutu ya tattauna batun da ke cikinsa, ko ya yi disertasiyo a kan wata magana ta adabi, ko kuma ya ɗauki komanter, inda ake tsakuro masa 'yan layuka daga wani ƙagaggen labari ko waƙa ko wasan kwaikwayo, a ce ya yi sharhi mai tsari a kansu. Wannan ta ukun ita ce tambayar da ta fi kowace adalci ga ɗan talaka. Ba ta tambayar ko ubanka na da kabad cike da littattafai, ba ta tambayar ko ka taɓa taka Yamai. Ga tsakuren nan an ajiye maka a kan tebur, duk hujjar da kake bukata tana cikinsa. Amma je ka tambayi duk malamin da ya taɓa gyaran takardun bak: ita ce tambayar da yara suka fi gudu, waɗanda suka yi ƙarfin halin ɗaukarta kuma da yawa a nan ake binne su.

Ga yadda abin yake faruwa. A ce tsakuren layi 25 ne, yana nuna wata tsohuwa zaune a gindin rumbun da ba komai cikinsa, tana jiran ɗanta da ya tafi cin rani bai aiko ba. Marubucin ya gajarta jimlolinsa har suna fita da ƙyar. Ya maimaita kalmar jira sau huɗu. Bai ambaci launi ko ɗaya ba sai na ƙura da toka. Bai bar tsohuwar ta furta komai ba sai a layin ƙarshe. Duk wannan yana nan baƙi a kan fari. Me yaronmu zai yi? Zai leƙa sunan marubucin a ƙasan takarda, ya ga ɗan Afirka ne, sai ya buɗe buhun hadda. Ya fara da gabatarwar da shi da abokansa sittin suka kwafa daga allo tun watan Nuwamba, ya kawo Senghor da Césaire da Damas, ya ba da tarihin haɗuwarsu a birnin Paris, ya la'anci mulkin mallaka shafi biyu cur. Tsohuwa na nan zaune a gindin rumbu, ko kallonta bai yi ba. Na kusa da shi kuma, wanda ya ɗan fi shi tsoron Allah, sai ya sake ba da labarin da nasa kalmomin: tsohuwa tana jira, ɗanta bai zo ba, tana baƙin ciki. Mai gyara ya zare jan bik, ya rubuta wa na farko cewa ya saki hanya, na biyu kuma maimaici ya yi, ya ba kowannensu 5 ko 6 cikin 20. A sashen A, inda Faransanci ke da nauyi, wannan maki kaɗai ya isa ya mayar da yaro gida.

Kafin mu zagi yaron nan, mu tambayi kanmu wa ya koya masa haka. Ba da hadda aka haife shi ba. Mu muka nuna masa cewa adabi jerin sunaye ne da shekaru: Camara Laye 1953, Ferdinand Oyono 1956, Cheikh Hamidou Kane 1961, Mariama Bâ 1979. Yana iya jero su cikin barci, amma ka tambaye shi littafi nawa daga ciki ya riƙe da hannunsa ya karanta daga bango zuwa bango, sai ya hau sosa ƙeya. A makarantunmu na karkara ba abin mamaki ba ne ka tarar da littafi ɗaya tak, na malam, ya sha ɗinki da salatif, aji guda na dogara da shi. Abin da ke yawo a hannun yara shi ne fotokofi na taƙaitawa da gyararrun amsoshin shekarun baya, an kwafa an sake kwafa har baƙaƙen sun dushe, yanzu kuma ga su a WhatsApp. Yaro ya tsaya ƙarƙashin fitilar bakin titi da dare yana kai da kawowa, yana haddace sharhin da wani ya yi a kan wani tsakure, da fatan Allah ya sa shi za a kawo. Ranar jarrabawa a kawo wani dabam, sai ya juye abin da ya haddace ko ya dace ko bai dace ba. Masu sayar da waɗannan takardu sun ci ribarsu, yaro ya ci sifili.

Ɓarnar kuma tun daga tushe take. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a cikin yaran Nijar da ke gama firamare, ko ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake so a karatu ba. A na 2019 an ɗan matsa zuwa kusan uku cikin goma. Waɗannan yaran ne dai ake turawa koleji, daga nan lise, kowane aji na miƙa wa na gaba matsalar. Yaron da yake haɗa baƙi da ƙyar a aji shida, yaya za a yi shekara bakwai bayan haka ya gane inda marubuci ya yi gatse? Ga malaman kwantaragi da aka ɗauka ba tare da isasshen horo ba, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma sai an ja musu rai. Ga azuzuwan zana da ba a gina su sai an gama girbi an sami kara, damina na kawo kai kuma a watse. Malamin da ke da yara tamanin a gabansa, sau nawa zai ba da komanter a shekara ya zauna ya gyara ɗaya bayan ɗaya? Na san da wannan duka. Amma ba zan wanke malamai tas ba. Wanda ya shiga aji ya juya wa yara baya awa biyu yana cika allo, su kuma suna kwafa, ko sau ɗaya bai ce "ke, me kika gani a layi na bakwai?" ba, ya sani cewa da hannunsa a cikin wannan aika-aika. Karanta layi goma da ƙarfi a tattauna su ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, aikin da ake cewa ya gagari yaranmu, tun suna ƙanana suke yin sa. Yarinya 'yar shekara goma a Dumega, idan ta ji matar gida na waƙar daka, nan take ta san da wa ake. Ta san kalmar da aka soka habaicin a cikinta, ta san dalilin da ya sa aka ce "wata" aka ƙi kama suna, ta san abin da ya sa aka ja wani wuri aka kuma buga taɓarya da ƙarfi a wani. Saurayi a filin kokawa a Kore Mairuwa ko Gesheme zai warware maka kirarin ɗan kokawa gaɓa-gaɓa, ya gaya maka inda ya yabi kansa da inda ya yi wa abokin karawarsa zambo. Dattijo a ƙofar fadar Samna, sarkin Tibiri, ya san abin da maroƙi ke nufi idan ya tsallake sunan wani kaka ya ambaci na wani. Gano mai magana, da wanda ake yi dominsa, da dabarar da aka yi amfani da ita, da abin da dabarar ta haifar a zuciyar mai saurare, ai shi ne komanter ɗin gaba ɗaya. Yaro ya zo lakkol da wannan basira cike da kansa, sai mu ce ya tuɓe ta a bakin ƙofa tare da harshen uwarsa, sannan mu dawo muna mamakin yadda ya zama kurma a gaban takarda.

Kuma ba a rasa abin karantawa da ya shafe shi ba. Lugu tana nan cikin ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Abdoulaye Mamani ya gina littafinsa Sarraounia a kan wannan tarihi a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Duniya ta karanta, ta kalla, ta yi sharhi. Yara nawa ne a Tibiri da Matankari da Dan Kasari suka taɓa riƙe littafin? Da a ce za a ba su shafi ɗaya daga ciki, a ce su gwada shi da abin da kakanninsu ke faɗa, su nuna inda marubuci ya ƙara gishiri da dalilin da ya sa ya ƙara, wallahi da an ga muhawarar da ƙararrawa ba za ta iya tsayar da ita ba. Ga Boubou Hama, ga Idé Oumarou, ga Amadou Ousmane, duk 'yan ƙasa ne, duk sun yi rubutu a kan rayuwar da yaran nan suka sani. Wanda ya koyi warware rubutun da ya shafe shi, ranar da aka ba shi Victor Hugo ba zai firgita ba, domin hannunsa ya riga ya faɗa.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun 1964 Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana kiran a koyar da yara cikin harsunansu. Tun 1973 aka fara gwajin makarantu masu harshe biyu a Damagaram. An fi shekara 50 ana gwaji! A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Madalla. Amma ɗalibin Tibiri bai ga alamar wannan a kan teburinsa ba tukuna. Tsallaka iyaka kaɗan zuwa Kangiwa a jihar Kebbi, ɗan'uwansa Ba'are yana zana jarrabawar Hausa a WAEC da NECO, ana tambayarsa zube da waƙa da wasan kwaikwayo da harshen da yake mafarki da shi. Su ma can hadda ta yi musu katutu, ban ce aljanna suke ba, amma aƙalla an yarda cewa adabin gidansu ya isa a yi jarrabawa a kansa.

To, me nake nema? Hukumomin ilimi na Doso da na Yamai su daina auna makaranta da yawan benci kawai, su kai littattafai, cikakku, ko da kwafi talatin-talatin ne na littafi biyar a kowace lise. Masu duba malamai su shiga aji su ga ko yara na magana ko kwafa kawai suke yi. Ƙungiyoyin iyaye da 'yan Arewa mazauna Yamai da Kwatano da Legas, masu tara kuɗi idan za a yi biki ko tarbar ɗan siyasa, su tara na akwatin littattafai ko sau ɗaya. Malamai kuma su fara darasin sharhi da karin magana ko kirarin da yara suka sani, su warware shi tare da Hausa ko Zabarmanci, sannan su haye zuwa Faransanci.

Ku kuma 'ya'yana masu shirin bak, ku saurara. Idan aka ba ku tsakure, ku ajiye bik tukuna. Ku karanta sau uku. Ku tambayi kanku wa ke magana, da wa yake yi, a wane hali yake. Ku ja layi a ƙarƙashin kalmar da aka maimaita, da inda jimla ta gajarce ko ta miƙe, da inda murya ta sauya. Ku tara abin da kuka gani gida biyu ko uku, kowane gida da kansa. Duk maganar da za ku faɗa, ku kawo kalmar da ta tabbatar da ita daga cikin tsakuren, sannan ku faɗi aikin da kalmar ta yi a wurin. Tarihin marubuci layi biyu ya ishe shi. Abin da ba ku iya nuna shi da yatsa a cikin takardar ba, kada ku rubuta shi, komai daɗinsa a baki.

Yaran Arewa ba daƙiƙai ba ne. An hana su littafi, an hana su harshensu, an hana su buɗe baki a aji, sannan aka ba su awa huɗu aka ce su yi tunani. Duk wanda ke da hannu a wannan, daga ofishin minista har zauren gida, ya daina zagin yara ranar sakamako, ya je ya sauke nauyin da ke kansa.