Lafiya Uwar Jiki: Ɗigar fitsari bayan haihuwa

Mata da yawa suna ɓoye wata damuwa don kunya. In mace ta yi tari, ko ta ɗauki tulu, sai fitsari ya ɗiga mata. Wannan ba jifa ba ne. Akwai nama a ƙasan mara da ke riƙe da mahaifa da mafitsara. Haihuwa kusa-kusa da ɗaukar kaya mai nauyi suna sa ya saki.

Naman nan yana yin ƙarfi in ana motsa shi. Wani lokotoron Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana dabarar a 1948. Mace ta kwanta, ta matse ƙasanta kamar mai riƙe tusa. Ta ƙirga biyar, ta saki. Ta yi sau 10 da safe, da rana, da dare, har wata 3. Kada ta riƙe numfashi. Kada ta yi lokacin da take fitsari.

Amma in fitsari yana zuba dare da rana bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne. Maganinsa sai aiki a likita. Ana yi a Yamai, da Damagaram, da Danja kusa da Maraɗi. Maigida ya kai ta da wuri.