Zare yana nuna dila, ba ya nuna makashi

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 9 ga Fabrairun 2016 ne aka wayi gari a Ankara, babban birnin Gana, da labarin an daɓa wa ɗan majalisa J.B. Danquah-Adu wuƙa har lahira a gidansa da ke Shiashie. Ba a jima ba 'yan sanda suka kama wani matashi, suka ce ta wayoyin mamacin da aka sace ne suka gano shi. Amma bayan shekara takwas ana kai-komo, a Disambar 2024 masu taimaka wa alƙali su bakwai suka rabu, huɗu na cewa ba shi da laifi, uku na cewa yana da shi, dole aka ce a sake shari'ar.

Daga Nima zuwa Mamobi, har rumfunan masu waya na Circle, tambayar da jama'a kan yi a irin wannan hali ita ce: ba an ce masana na iya gane mai kisa daga zaren rigarsa ba? Amsar ita ce zare shaida ne, amma yana da iyaka, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane iyakar.

A dubi kisan Shugaban Amurka John Kennedy a birnin Dallas ranar 22 ga Nuwamban 1963. A jikin bindigar da aka samu, tsakanin katakon gindinta da ƙarfen da ya rufe shi, an tarar da 'yan zarurrukan auduga maƙale, shuɗi mai duhu, da toka-toka mai baƙi, da ruwan lemo. Masanin hukumar FBI, Paul Stombaugh, ya gwada su da rigar da Lee Harvey Oswald ke sanye da ita lokacin da aka kama shi, ya ce sun yi daidai. Sai dai shi da kansa ya amsa cewa ba za a iya rantsewa ba daga wata riga irinta suka fito ba. Kwamitin Warren ya karɓi shaidar a rahotonsa na 1964, masu suka kuwa suka ce ko da zaren nasa ne, bai nuna ranar da ya maƙale ba. An harbe Oswald kwana biyu bayan kisan, don haka ba a taɓa tsefe wannan shaida a gaban alƙali ba.

To, wanda ya taɓa kwance dilar yadi a Aflao ko Jibiya, ko ya zaɓi gwanjo a Kantamanto, ya san masaƙa ɗaya kan fitar da dubban riguna masu zare ɗaya da rini ɗaya. Wato zare kan kai mai bincike ga dila, ba ga mutum ba. Inda ya fi amfani shi ne wanke wanda ake zargi idan bai dace da kayansa ba, ko ƙarfafa wata hujjar, kamar zanen yatsa ko gwajin jini na DNA. Ko FBI ɗin ma a 2015 ta amsa cewa masananta sun zuzuta shaidar kamannin gashi a sama da kashi 90 cikin ɗari na shari'un da aka sake dubawa.

Wani abin kuma yana wuyanmu. Zare abu ne da iska ke ɗauka, hannu ke gogewa. Da zarar an yi kisa a Zango sai jama'a su yi dafifi, wannan ya taɓa, wancan ya lulluɓa wa gawa zanensa, da kyakkyawar niyya, amma an cakuɗa shaida. An harbe ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a Madina ranar 16 ga Janairun 2019, aka shafe shekara shida ba a hukunta kowa ba. Irin wannan jinkiri ne ke sa kowane ƙyalle da aka adana tun ranar farko ya zama mai daraja.

Don haka a bar wurin da abu ya faru yadda yake har hukuma ta zo. Mai sayen tsohuwar waya ko tufafi kuma ya riƙa rubuta sunan wanda ya kawo masa. In an ce zare ya kama wani, a tambaya: sai kuma me? Allah Ya kyauta.