Ruwa Na Kusa, Fetur Ya Yi Nisa

Na taso ina ganin manoman rani a fadamun ƙasar Gwandu suna ɗebo ruwa da jigo, guga bayan guga, kafin su jiƙa komayen albasa. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, shi ya yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa, jigo ya fara ɓacewa. Sai dai tun daga nan lambu da randar gida suka dogara ga fetur, ba mu ankara ba.

Da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 kuma ta zarce 1,000. Mai lambu a Wurogauri ko Kalgo ga ruwa nan a gabansa cikin rafi, amma tura shi ga tumatir sai ya yi dogon lissafi. Masu hali sun koma injin sola. Talaka fa?

A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da bashin noman shinkafa na Babban Banki a 2015. A ganina masu ƙananan lambuna ma sun cancanci bashin injin sola, su biya bayan sun kwashe albasa.